Hakin daji jarinmu ne, kada mu tumɓuke shi

A shekarar 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 1 ga watan Maris don faɗakarwa a kan ciyawar teku, wadda ke tsirowa ƙarƙashin ruwa kusa da gaɓa. Cikinta ne ƙananan kifaye ke fakewa har su girma. Ƙasar Moritaniya ta killace tata a yankin Bank Dargen tun 1976, don ta san in ciyawa ta ƙare, kifi zai bi ta.

Wani zai ce: ina ruwan mutanen Arlit da teku? To, ai mu ma muna da tamu ciyawar. Afazo da sauran hakin kwarurukan Ayar su ke riƙe raƙuma da awaki da tumaki, su kuma su ke kawo nono da cuku da naman da ake sayarwa a kasuwannin Arlit da Akokan.

Afazo ba hakin shekara guda ba ne. Saiwarsa na jure fari, tana riƙe rairayi, ruwa kaɗan ya ishe shi ya sake tohowa. Amma in aka tumɓuke shi da saiwa, aka share ƙasa da manjagara har iri ya tafi, baɗi sai fako. Makiyayi ya yi nisa da gari, nono ya yi wuya, dabba ta yi tsada, mai tuwo da mahauci su ji a jikinsu.

Mun san halin da ake ciki. Tun da aka rufe ma'adinin Cominak a watan Maris na 2021, iyalai da dama suka rasa abin dogaro, kuma ba mu ga laifin mai neman abinci da guminsa ba. Sai dai dokar kiwo ta 2010 ta sa ƙa'ida a kan kwasar haki, ya kamata magadan gari da ma'aikatan gandun daji su bayyana ta da Hausa da Tamashek, a rediyo da cikin kasuwa.

Ƴan kasuwa da iyayenmu mata, babban ƙarfi na hannunku. Duk damin da kuka ga saiwa da ƙasa jikinsa, ku ƙi saye, ku faɗa wa mai shi dalili. Ku nemi wanda aka yanka da lauje bayan iri ya zuba. Ranar da tumɓukakke ya rasa mai saye, ranar za a daina tumɓuke shi. Allah ya ba mu damina mai albarka.