HAYAƘIN MANYAN MOTOCI BISA HANYAR ƊAN ISA

Kowa ya san ƙasar Nijar ba ta da bakin teku. Galibin hajojin da ke shigowa daga ƙasashen nesa, sai jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko Lome ko Ikko, kana manyan motoci su ɗauko su. Hanyar da ta taso daga Kano da Katsina ta ratsa Jibiya, ta Ɗan Isa take shigowa, cikin gundumar Madarunfa, kafin ta isa Maraɗi. Arziki na bin wannan hanya, amma hayaƙi ma yana bin ta.

Asalin matsalar yana cikin mai. Gazuwal ɗin da gingimari ke sha, da baƙin man da jiragen ruwa ke ƙonawa, duka suna ɗauke da farar wuta. In man ya ƙone, sai ya fid da tururi mai guba da ƴan ƙananan ɓurɓushi waɗanda ido ba ya gani, su shige har cikin huhu. Suna tada tari da asma, suna kuma jawo ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4,2 a shekarar 2019.

A kan teku an riga an ɗauki mataki. Daga 1 ga Janairu 2020, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da zirga-zirgar jiragen ruwa ta rage farar wutar da aka yarda da ita cikin mansu daga kashi 3,5 cikin 100 zuwa kashi 0,5. A kan tudu kuwa, tafiyar ta yi nawa. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwis ta bayyana cewa ana sayar wa Afirka gazuwal mai farar wuta har ninki 378 na abin da dokar Turai ta yarda. A Fabrairu 2020, a Wagadugu, ministocin ƙasashen CEDEAO suka amince da kada man da ake shigowa da shi ya zarce kashi 50 cikin miliyan. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairu 2025. Saboda haka tsai da ma'auni da tsare shi ya koma bisa wuyan hukumomin ƙasa, ko man na matatar SORAZ ta Damagaram ne, wadda aka buɗe a 2011, ko kuwa wanda ke ƙetaro iyaka cikin jarka.

Abu na biyu shi ne jira. Motar da ta tsaya gaban ƴan duwan, injinta na aiki, mai take ci ba tafiya. An ga yadda rufe iyaka ke tara motoci: Najeriya ta rufe tata daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Direba da yaron mota da mai tuwon bakin hanya da goyonta, su ne ke fara shaƙar hayaƙin. In hunturu ya zo, ƙura ta haɗu da shi, abin sai ya ƙaru.

Wasu sun sa rai ga jirgin ƙasa. A Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284. Jirgi guda yana jan kayan gingimari da dama, ko da yake shi ma gazuwal zai sha. Amma duk ranar da ya soma aiki, direbobi da masu sana'ar bakin hanya za su rasa wani ɓangare na abincinsu. Wajibi ne a yi tunaninsu tun yanzu.

Kafin wannan rana, akwai abin da ba ya bukatar kuɗi mai yawa: a gaggauta aikin takardu a kan iyaka, direba ya kashe inji in ya tsaya, a keɓe wa manyan motoci wurin tsayawa nesa da makaranta da asibiti, binciken lafiyar mota kuma ya zama na gaskiya, ba na buga hatimi kaɗai ba. Mai mota yana ganin gyaran inji hasara ne, alhali motar da ke tuɗaɗa baƙin hayaƙi kuɗinsa take ƙonawa. Rigakafi dai ya fi magani.