Ƙaura zuwa Damagaram: mai kare da tumaki na shan wuyar samun gidan haya

A cikin koke-koken da muke samu a gidan rediyo daga 'yan uwanmu na Sassumbrum, Magarya da Dungas, akwai wanda ya fi yawan dawowa, shi ne na gidan haya a birnin Damagaram. Kwanan baya wata baiwar Allah mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta ba mu labarinta. Ta taso daga Sassumbrum da 'ya'yanta, da tumaki biyu, da karen da ke yi mata gadi. Gida uku dillali ya kai ta, ko'ina an shirya a kan kuɗi, amma da an ji zancen kare sai maigida ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Daga ƙarshe a bakin gari ta samu ɗaki, inda kuɗin kabu-kabu zuwa kasuwar Dole ke cinye ribarta.

Me ke tura mutanenmu birni? Cinikin yankin nan ya dogara ne da iyaka. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe hanya har zuwa watan Maris na 2024. A tsakanin nan kuma darajar naira ta faɗi warwas, wanda ya kai dabba Maigatari ya dawo da takardun da ba su da auki in an canza su zuwa sefa. Ɗan kasuwar da aka yi wa haka sau biyu, dole ya nemi inda masu saye ke biya da sefa.

To amma birnin shi ma a cike yake. Ƙidayar 2012 ta nuna jahar Damagaram ta fi kowace jaha yawan jama'a a Nijar, sama da mutum miliyan 3 da rabi. Jami'ar da aka kafa a 2010 da matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011 sun kawo ɗalibai da ma'aikata, kowa na neman wurin kwana. Sai ga ruwan daminar 2024 ya rushe gidajen laka masu yawa, har da tsohon masallacin unguwar Birni da ya faɗi a watan Satumba. Gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoba na shekarar, amma gini ba ya tashi dare ɗaya. In ɗaki ɗaya ne masu nema biyar, maigida ba zai zaɓi mai kare ba.

Kada mu yi saurin zagin masu gidaje. Gidan da talaka ke iya kamawa gidan ɗaki-ɗaki ne: tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya, tulunan ruwa da butocin alwala a waje, yara na rarrafe. A garin da ake sayen ruwa wajen ga-ruwa, kare ya sa baki a bokiti ba ƙaramin faɗa ba ne. Ga kuma tsoron ciwon haukan kare, wanda hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi.

Mai karen shi ma yana da hujja. Ba don ado ya ajiye shi ba. Tunkiyar da mace ke turkewa ita ce bankinta: da ita za a biya kuɗin lakwal, da ita za a ƙara jari bayan Layya. Buhun gyaɗa ko na wake da ke zaure shi ne dukiyar shekara. Ba ta da kuɗin ɗaukar mai gadi, kare kuwa sauran tuwo ya ishe shi. Addini ma bai rufe ƙofa ba: an yarda da ajiye kare don kiwo, gona da farauta, malamai da dama kuma sun haɗa da tsaron gida in akwai buƙata. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai a wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai.

A ganinmu, inda cutar take shi ne yadda ake ƙulla haya da baki kawai. Dillali na son la'adarsa, sai ya ce wa baƙo ya yi shiru, in an shiga a shigo da karen da dare. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan mako biyu maƙwabta sun kai ƙara, maigida ya ce a fita, kuɗin da aka biya gaba kuma ya zama abin jayayya, babu takarda babu shaida. Tun 1996 ƙasarmu ta yi dokar haya, amma mata nawa ne a kasuwa suka taɓa jin abin da ta ƙunsa da Hausa?

Shawararmu ga mai shirin ƙaura ita ce, ya fara zuwa shi kaɗai, ya sauka wajen ɗan uwa ko abokin ciniki, ya nemi gida kafin ya kwaso iyali. Ya faɗi zancen dabbobinsa tun ranar farko, a gaban maigida, ba dillali kaɗai ba. Ya kai karen wajen likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi, ya riƙe takardar. Ya yarda zai ɗaure shi da rana, da kwanonsa daban. A rubuta duk wannan, da yawan watannin da aka biya gaba, a sa hannu gaban mai unguwa, kuma a karɓi rasit kowane wata.

A yi lissafi kuma kafin a ruɗu da araha. A ce ɗakin bakin gari jikka 8 ne, na kusa da kasuwa jikka 15. In zuwa da dawowa na cin dala 100 kullum, a wata jikka 15 ke nan, ɗakin arahar ya koma jikka 23. Wani lokaci dabara ita ce iyali biyu 'yan gari ɗaya su haɗa kuɗi su kama gida sukutum mai fili, su huta da gardamar maƙwabta. Wanda dabbarsa ba ta taka kara ta karya ba, gara ya bar karen a ƙauye wajen dangi, da ya sake shi a titi ya zama bala'i ga 'ya'yan mutane.

Ga magadan gari da ma'aikatan kiwo, muna kira da su riƙa shirya allurar karnuka unguwa-unguwa, ko da a ranar 28 ga Satumba ce da duniya ta keɓe don yaƙi da wannan ciwo, su kuma fitar da samfurin takardar haya da Hausa. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya likita ranar nan, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Maigida na neman zaman lafiya a gidansa, ɗan haya na neman tsaron jarinsa. In an faɗi gaskiya tun farko aka kuma rubuta, kowa zai samu abin da yake nema. Allah ya ba mu maƙwabta nagari.