Kazar Mongoliya a tukunyar Safana

Girkin waje ya cika labaranmu, har za ka karanta amarya a ƙauyen Safana ta haɗa wa ango "kazar Mongoliya" cikin minti 20 bayan Magariba. A ganina kwafa muke yi babu bincike.

Sunan ma aro ne. Daga Taiwan ya fito, inda Wu Zhaonan ya buɗe wurin gashin nama a Taipei a 1951 ya laƙaba masa Mongoliya, gidajen abincin 'yan Sin a Amurka suka yaɗa shi. Su mutanen Mongoliya makiyaya ne, naman tumaki da nono suka fi ci.

Girkin ba wuya: a yanka tsoka siri-siri, a barbaɗa sitacin masara, a soya, a zuba citta, tafarnuwa, sukari, tsumin waken suya mai gishiri da lawashi. Sai dai saurin na kazar gidan gona ne da murhun gas. Kazar Hausa sai ta sha wuta kafin ta yi laushi.

Sannan a ƙauyukan Batsari da Safana, inda ɓarayin dajin Rugu suka kore shanu, kaza asusun mace ce: kuɗin magani, kuɗin littafin yaro. Ba a yanka ta sai da dalili, baƙo ko suna ko Sallah.

Don haka in jarumarku ta yanka kaza daren Talata, ku faɗa mana wa ya zo, da abin da za ta rasa gobe saboda shi.