Kuɗin tallafi: A nuna wa masu shi lissafi

A watan Yunin 2023, hukumar USAID ta Amurka da Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, sun dakatar da rabon abinci a duk faɗin Habasha, bayan an gano ana karkatar da buhunan alkama zuwa kasuwa da masana'antun fulawa. Kimanin mutum miliyan 20 ne ke dogaro da abincin, kuma sai wajen ƙarshen shekara rabo ya dawo. Waɗanda suka ci amanar ba su kwana da yunwa ba. Mata da yaran sansanonin Tigray ne suka biya bashin da ba su ci ba.

A Uganda ma, da aka ɗauki zanen yatsun 'yan gudun hijira a 2018, sai adadinsu ya faɗo daga miliyan 1.4 zuwa kusan miliyan 1.1. A nan gida, Najeriya ta mayar wa ƙawancen rigakafi na Gavi dala miliyan 2.2 bayan wani bincike na 2014 kan yadda aka kashe kuɗin tallafinsa, daga baitulmali, wato daga aljihun talakan da aka zalunta tun farko.

Wannan jarida na ganin tushen matsalar ɗaya ne. Rahoton kuɗi yana tafiya Janiba da Washinton, da Turanci, alhali matar da ke bin layi da katin rabo ba ta san mudu nawa aka rubuta da sunanta ba. Mai binciken kuɗi yakan zo bayan shekara ya duba rasit, kuma rasit ba ya wuyar bugawa. Ita kuwa tana nan ranar da mota ta sauke kaya.

Don haka muna kira da a riƙa liƙa kasafin kowane aiki a ƙofar asibiti, makaranta ko sansani, a kuma karanta shi a rediyo da harshen mutanen wurin: nawa aka ware, wa ya sami kwangila, yaushe za a gama. A fitar da rahoton bincike fili, majalisa ta zauna a kansa. Wanda aka kama, a kai shi kotu ya amayar da abin da ya ci, ba a sauya masa wurin aiki ba.

Tun da aka rufe USAID a 2025, kuɗin tallafi ya ragu ƙwarai, kuma kowace badaƙala hujja ce ga masu son a yanke sauran. Gwamnatocinmu da ƙungiyoyin agaji su buɗe littattafansu tun ba a tilasta musu ba.