SHARHI: Darasin Darwin a Katsina, ana rubuta shi a jarrabawa, ana ƙin sa a zuci

Duk shekara, idan jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Katsina kan iso wani babi a darasin ilimin halittu da ake ratsawa a gurguje: ka'idar sauyin halittu, wadda Charles Darwin ya shimfiɗa a littafinsa na 1859. Ɗalibi ya haddace, ya zuba a takarda, ya fito yana neman tsari. Me ya jawo haka?

Tushen ƙin shi ne maganar Annabi Adamu (AS). Alƙur'ani ya bayyana cewa daga yumɓu aka halicce shi, babu uwa babu uba, kuma a kan haka Musulmi ya gina fahimtarsa ta darajar ɗan Adam. Sai ga shi a aji ana taƙaita masa ka'idar da cewa mutum daga biri ya fito. Alhali abin da masana ke faɗi shi ne mutum da manyan birai sun haɗa asali mai nisa. Wannan gyara bai kawar da saɓanin ba, amma yana nuna yadda ake fara gardamar daga karkatacciyar fassara.

Akwai kuma tarihi. Kwalejin Katsina, wadda ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna, Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta a farkon shekarun 1920, zamanin da wasu a Turai ke fakewa da sunan Darwin suna jera jinsunan mutane hawa-hawa, baƙar fata a ƙasa. Wanda aka taɓa raina shi da sunan kimiyya ba zai rasa dalilin ɗari-ɗari ba. Wannan miki Mohammed Yusuf ya sosa a 2009, lokacin da ya shaida wa BBC cewa ka'idar Darwin na cikin abubuwan da ke sa ya ƙi karatun boko. Daɗin daɗawa, marubuta irin su Richard Dawkins sun mayar da ka'idar hujjar musun samuwar Allah, har mai imani ya ɗauka karɓar ɗaya karɓar ɗayan ne.

Ba a nan kaɗai ake wannan ja-in-ja ba. A 1925 an gurfanar da malamin makaranta John Scopes a jihar Tennessee ta Amurka saboda koyar da ita, a 2017 kuma Turkiyya ta cire ta daga manhajar sakandare. Sai dai masu addini ba bakinsu ɗaya ba. Tun ƙarshen shekarun 1880 Shaikh Husain al-Jisr na Tarabulus, a Labanan ta yau, ya rubuta cewa idan hujja ta tabbatar da sauyin halittu, hakan ba ya rushe imani da Mahalicci. A 1996 Fafaroma John Paul na Biyu ya ce ka'idar ta wuce matsayin hasashe. A yau wasu malaman Musulunci na karɓar ta game da dabbobi da tsirrai, suna keɓe Annabi Adamu a matsayin mu'ujiza.

Wannan rarrabewa tana da muhimmanci, domin sauyin halittu na aukuwa a gidajenmu. Klorokwin da iyayenmu suka dogara da shi ya daina kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro saboda ƙwayoyin da suka jure masa su ne suka tsira suka hayayyafa, har Najeriya ta sauya magani a 2005. Haka sauro ke bijire wa maganin gidan sauro, haka ƙwayoyin cuta ke bijire wa magungunan da ake sha barkatai daga kemis. Sikila ma ta yawaita a yankinmu ne saboda mai rukunin jini AS yana samun kariya daga zazzaɓi mai tsanani. Likita ko jami'in gona da ya yi watsi da babin gaba ɗaya, zai rasa gane dalilin waɗannan abubuwa.

Katsina ba baƙuwar ilimi ba ce. Garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani ne, kuma daga nan Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya fito. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua na da masana halittu da masana addini a harabar guda. Ya kamata su zauna a bainar jama'a, da Hausa, su fayyace inda nassi ya yanke hukunci da inda ya bar wa bincike fili. Muddin suka yi shiru, ɗalibi zai ci gaba da neman amsa a TikTok, wurin wanda zai ce masa ya zaɓi ɗaya: imaninsa ko karatunsa.