Gani Ya Kori Ji: Littattafan Hotuna da Gadon Kakanni



A wannan fitowa filinmu zai karkata ga wani irin littafi da ba kasafai ake samunsa a gidajenmu ba, wato littafin da hotuna suka fi rubutu yawa a cikinsa. Manyan gidajen tarihi na duniya suna da wata al'ada: duk lokacin da suka shirya babban baje koli, sai su buga littafi mai ɗauke da hoton kowane abu da aka nuna, da bayanin inda aka samo shi, da shekarunsa, da wurin da yake ajiye. Baje kolin wata uku ko huɗu yake yi a tashi, kaya su koma ma'ajiyarsu, littafin ne ke saura. A ƴan shekarun nan an buga irin waɗannan littattafai a kan yankinmu na Sahel. Ya kamata magidanci ya san da zamansu, domin kayan kakanninmu ne a ciki, ƴaƴanmu kuwa sun fi kowa haƙƙin ganinsu.

Na farko shi ne littafin baje kolin da gidan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York a Amurka ya buɗe a farkon shekarar 2020, mai suna Sahel, wanda Alisa LaGamma ta jagoranta. An tara abubuwa kimanin 200 na daulolin Gana da Mali da Songai da Segu: gumakan ƙasa da na icce, kayan zinariya, saƙa, da littattafan rubutun hannu. Wasu daga cikinsu aro aka yi daga Mali da Senegal da Muritaniya da Nijar. Daga Yamai aka kai shahararren mahayin dokin nan na Bura, wanda aka gina da yumɓu aka gasa, mai jerin mundaye a hannu, wanda masana suka ce an yi shi tsakanin ƙarni na 3 da na 10. Ma'ajiyarsa ita ce cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni. Mutum nawa ne cikinmu ya san da shi kafin ya haye teku?

Labarin Bura akwai abin takaici a cikinsa. A shekarar 1975 aka gano wurin a yankin Tera, a 1983 masanin tarihi Boubé Gado ya yi tonon bincike a can bisa ƙa'ida. Bayan an nuna kayan a Faransa a baje kolin Vallées du Niger na 1993, sai dillalan kayan tarihi suka buɗe ido, aka shiga tone kusheyi da dare ana sayarwa. Abin ya kai a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin abubuwan Afirka da aka hana fataucinsu. Ga inda asarar take: tukunyar da masani ya tono, ya auna zurfinta, ya rubuta abin da ke kusa da ita, tana iya gaya mana shekarun mutanen da yadda suka rayu. Wadda aka fizge da dare aka jefa a buhu ta zama kayan ado a ɗakin wani attajiri, labarinta ya mutu har abada. Manomin da ya sayar ya karɓi ƴan jikkuna ya cinye cikin mako guda, jikokinsa kuma sun rasa shafi guda na tarihinsu.

Littafi na biyu shi ne Caravans of Gold, wato ayarin zinariya, na baje kolin da gidan tarihi na Block a Jami'ar Northwestern ta Amurka ya shirya a 2019 ƙarƙashin Kathleen Bickford Berzock. Maganarsa fataucin Sahara ne a zamanin da zinariyar Afirka ta Yamma ke cika baitulmalin Masar da Maroko da Turai. A ciki mai karatu zai ga taswirar nan ta Katalan ta 1375 mai hoton Mansa Musa, sarkin Mali da ya yi aikin hajji a 1324. Zai ga gutsattsarin tangaran na Sin da gilashi da aka tono a tsofaffin garuruwan hanya irin su Gawo da Tadmakka da Sijilmasa, da kuma kayan da aka samu a Durɓi ta Kusheyi kusa da Katsina. Yaron da ya kalli waɗannan shafuka ya fahimci cewa ƙasar Hausa ta daɗe da shiga kasuwar duniya, tun kafin Bature ya san hanyar Kwara.

Sai fannin ɗaukar hoto. Mutum biyu na Bamako sun yi fice. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a 1948, ya ɗauki dubban mutanen birnin cikin kwalliyarsu: mata da ɗaurin kallabi da awarwaro, samari kusa da keke ko rediyo, magidanta cikin babbar riga. Ya rasu a 2001, kuma a 2016 aka yi masa babban baje koli a Grand Palais na birnin Paris tare da littafinsa. Malick Sidibé shi kuma ya bi matasan Bamako na bayan samun ƴancin kai zuwa wuraren biki da bakin kogi. Ya samu lambar Hasselblad a 2003, da Zakin Zinariya na birnin Venise a 2007, ya rasu a 2016, sannan aka buga littafin Mali Twist a 2017. A Yamai ma akwai Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar birnin a shekarun 1960 da 1970. Tun 1994 Bamako ke karɓar babban taron masu ɗaukar hoto na Afirka.

Akwai darasi a tarihin Keïta da ya shafi kowane gida. A 1991 an nuna wasu hotunansa a New York, an rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Sai da wani Bafaranshe, André Magnin, ya je Bamako da kwafin hotunan yana tambaya, aka kai shi wurin tsohon, aka tarar ya adana fina-finan hotunansa da kyau. Sunan mai ɗauka ya dawo. Amma mafi yawan mutanen da ke cikin hotunan har yanzu babu sunansu a littattafan, sai a rubuta "mace a zaune" ko "saurayi da fure". Kakar wani ce, kakan wani ne.

To, mu duba akwatunanmu. Kusan kowane gida na da hoton auren iyaye, ko na kaka ranar dawowa daga Makka, ko na baba cikin kakin soja. Gara da damshin damina da zafin rana suna cinye su a hankali, tsofaffin da suka san mutanen ciki kuma suna ta tafiya. Aikin ba shi da wuya. A zauna da kaka tun tana da rai da lafiya, a ɗauki fensir, a rubuta a bayan kowane hoto sunan mutum da garin da shekarar, ko abin da ya faru a shekarar idan an manta lissafi. A guji biro, domin tawadarsa kan huda takarda. A ajiye su cikin ambulan a wuri busasshe nesa da ƙasa, kada a manne su cikin leda da zafi. A ɗauke su da salula a aika wa dangi, don in ɗaya ya ɓata wani ya saura. Hotunan da ke cikin salula su ma a riƙa wanke masu muhimmanci a takarda, domin ranar da wayar ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya yi gaba da ita, suna da aure na shekara biyar sun tafi.

Mun san wasu iyaye za su tambayi hukuncin hoto da gunki. Tambaya ce da ta dace da gidan Musulmi. Malamai sun yi bayani mai yawa a kai, sun kuma bambanta tsakanin abin da aka sassaƙa don girmamawa, da zanen hannu, da hoton na'ura, da abin da ake amfani da shi wajen koyarwa. Wannan fili ba na fatawa ba ne, kowa ya koma ga malamin da ya amince da iliminsa. Abin da za mu ƙara kawai shi ne, kaso mai yawa na fasahar da ke cikin waɗannan littattafai babu siffar mai rai a cikinta. Akwai rubutun Alƙur'ani da hannun magabata, da zayyanar allon sauka, da aikin aska takwas da tambari a ƙirjin riga, da dagi a goshin zaure, da rinin Ƙofar Mata, da dukanci da ƙirar azurfa ta Agadas. David Heathcote ya tattara irin waɗannan a littafinsa The Arts of the Hausa na 1976, wanda aka buga don baje koli a London lokacin bikin duniyar Musulunci na shekarar. Ginin ƙasa ma haka: masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya samu lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986, tsohon birnin Agadas da hasumiyarsa mai tsawon mita 27 kuma ya shiga jerin gadon duniya na UNESCO a 2013. Baƙi suna buga hotunansu a littattafai masu tsada, mu kuwa wani lokaci rushe irinsu muke yi mu zuba siminti.

Maganar mayar da kayan Afirka gida ta ƙara wa wannan batu nauyi. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa a 2018 ya ƙiyasta cewa akwai abubuwa kimanin 90,000 na Afirka kudu da Sahara a gidajen tarihin gwamnatin Faransa. An miƙa wa Senegal takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Tal a 2019, aka mayar wa Benin abubuwa 26 na fadar Abomey a 2021. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai idan kaya sun dawo suka tarar da al'ummar da ba ta saba shiga gidan tarihi ba, an ɗauke su ne daga wani ɗaki an kulle a wani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saba wa ido da kallo kuwa tun ƙuruciya ake fara shi.

Wurin farawa yana kusa. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ya haɗa abubuwa da dama a fili ɗaya: ɗakunan tufafi da kayan kiɗa da makamai, samfurin gidajen ƙabilun ƙasar, ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da aka tono a hamada, busasshen iccen Tenere da mota ta kayar a 1973, da rumfunan masu sana'a inda yaro zai ga maƙeri da baduku da masaƙi suna aiki a gabansa. Yawancin iyalai namun daji suke zuwa kallo ranar Salla, su wuce ɗakunan ba su leƙa ba. Wanda ke Damagaram ko Doso akwai gidan tarihin jiha kusa da shi, wanda ya je Kano kuma ga Gidan Makama.

Masu koyarwa a gidajen tarihi sun ce kada a cika yaro da kallo. Abu biyar da ya tsaya a kansu sun fi ɗari da ya wuce a guje. A tsayar da shi gaban abu ɗaya, ko shafi ɗaya na littafi, a tambaye shi me yake gani, kafin a gaya masa kome. A tambaye shi da me aka yi abin, da wane kayan aiki, kwana nawa zai ci. A tambaye shi ko ya taɓa ganin irinsa a ɗakin kakarsa. In an koma gida a ba shi takarda ya zana, ko ya je ya tambayi sunan abin da Hausa wurin tsofaffi. Ta haka kalmomi irin su taskira da tandu da akushi da zabira za su tsira a bakin yara.

Cikas biyu ne a gabanmu. Na farko tsada: littafi ɗaya na iya cinye kuɗin cefanen kwanaki. Maganinsa haɗin kai, wato reshen ƙungiya ko lakwal ko makarantar Islamiyya ta sayi kwafi ɗaya a ajiye don kowa, ƴan uwa da ke zaune Turai da Amurka kuma su riƙa sa irinsa cikin tsaraba. Ban da haka, tun 2017 gidan tarihi na Metropolitan ya saki hotunan dubban ɗaruruwan kayansa kyauta a intanet, mushe mai himma na iya nuna wa aji ko da salula ce. Na biyu harshe: da Ingilishi ko Faransanci aka rubuta littattafan da muka ambata. A 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ya rage ga marubutanmu da masu ɗaukar hoto da malaman jami'a su fito da ƙananan littattafai masu araha da Hausa, kan ginin Birnin Damagaram, kan ɗinkin riga, kan kayan ɗakin amarya na da, domin yaro ya karanta wa kakarsa ita kuma ta gyara masa.

Kafin fitowa ta gaba muna roƙon kowane gida abu biyu: a rubuta sunaye a bayan tsofaffin hotuna goma, a kuma kai yara gidan tarihi sau ɗaya a wannan hutun. Wanda ya tarar da wani abu na da a gona ko wurin haƙar rijiya, ya bar shi a inda yake ya sanar da hukuma, kada ya saurari dillali.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.