Zancen gona: Taki daga iska

Manoma, ku tumɓuke wake guda, ku dubi saiwarsa. Za ku ga ƴan gudaji manne da ita. Ba cuta ba ce. Cikinsu akwai ƙwayoyi masu rai da ido ba ya gani. Suna jawo azot daga iska, su ba shuka. Azot ɗin nan shi muke saye da tsada cikin buhun ure.

Ku fasa guda: in cikinsa ja ne, suna aiki.

Masu irin wannan aiki suna nan har cikin laka, can Najeriya, inda kogin Kwara ke shiga teku. Gujiya da gawo ma suna da nasu.

In kun tashi ɗibar harawa, ku yanke, ku bar saiwa cikin ƙasa. Baɗi ku shibka hatsi wurin.